Ƙasar Katangar Gabas

Gidan kakanmu yana bakin hanyar Toranke, soro mai zaure uku da katanga mai kaurin gaske. Yana dagaci aka gina shi, amma ni ban tarar da wannan zamanin ba. Na buɗe ido na ga zauren farko cike da buhunan gyaɗa, don bayan sarauta ta koma wani gida masu awo sun mayar da shi sito. Da kasuwar gyaɗa ta mutu aka zuba bencina, a nan na fara karatun boko. An yi allurar rigakafi a ciki, an kaɗa ƙuri'a a ciki, daga ƙarshe awaki suka gaje shi. Kowa ya mori gidan nan, amma ba wanda ya taɓa kawo kwandon ƙasa ɗaya ya yi masa yaɓe, har da ni.

Mutum ɗaya ta rage a ciki, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a ɗakinta na gabas. Na yi na yi ta dawo gidana a Ajingi, ta ƙi.

Shekarar da takin zamani ya gagare mu, sai na tuna abin da kowane manomi ya sani, cewa ƙasar tsohuwar katanga taki ce mai ƙarfi. Da bazara na kawo amalanken shanu na fara kwasar inda ya rushe. Maƙwabta suka gani suka biyo sahu. Da baraguzan suka ƙare, na sa diga a katangar gabas wadda take tsaye lafiya lau.

Gwaggo ta fito tana dogara sanda, ta ce, "Ɗan nan, wannan katangar ce take tare mini ruwa. Daga gabas hadari yake zuwa, ko bokon bai koya maka ba?"

Na ce, "Gwaggo, kaɗan zan rage daga sama."

Ƙarya na yi mata. Kafin ruwan shuka katangar ba ta kai gwiwata ba.

Da damina ta yi tsakiya aka yi marka kwana uku, ruwa yana dukan bangon ɗakinta ba abin da ya tare shi. Rana ta uku bayan azahar bangon ya jiƙe ya zauna, azara ta biyo shi. Da digar da na bari a zaure aka tono gawar Gwaggo.

Geron da na samu a shekarar nan, tun da nake noma ban taɓa samun irinsa ba. Kwana arba'in ɗin Gwaggo ya zo daidai da sabon gero, matata ta daka gumbar sadaka da shi ba tare da ta tambaye ni ba. Muna zaune a zauren kakanmu ana rabawa, wani dattijo abokin mahaifina ya gutsura, ya tauna, ya juyo wajena.

"Kai, wannan gero ya yi albarka. Me ka zuba wa gonar?"

Gumbar tana bakina, na kasa haɗiye ta.