Muryata a Cikin Hirar Shugaba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni mutum ne mai yawan tsoro, karatuna kuma bai wuce firamare ba, sai in ga kamar zan rubuta abin da zai jawo wa wani fitina. Amma akwai abin da ya same ni a Garwa wanda ba zai bar zuciyata ba har in koma ga Allah, kuma akwai mutumin da nake nema. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ba zan faɗi ƙasar shugaban da zan ba da labarinsa ba.

Ni mai dafa shayi ne a gidan wani babban ɗan kasuwa, Alhajin da mahaifina ma ya yi wa aiki. A ɗakunan bayan gidansa nake zaune da iyalina. Da mahaifiyar Alhaji ta rasu, sai aka ce wani shugaban ƙasa, abokinsa tun suna samari, zai zo ta'aziyya a ɓoye, ba jiniya ba 'yan jarida.

Tun safe masu tsaronsa suka cika gidan. Suka karɓe wayoyin kowa a ƙofa, suka bincike falon sama har ƙarƙashin darduma, suka kulle shi. Ba wanda ya sake taka wurin sai da baƙon ya shiga. Wani dogo mai baƙar kwat, shi ne mai kula da tsarin ziyarar, ya kira ni gefe.

"Kai ne mai shayi? Ka shiga shiru, ka ajiye shiru, ka fita shiru. Kada in ji ko tarinka."

Na ce to. Amma da na iso bakin ƙofa da tire a hannu, sai ƙafata ta ƙi. Tun ina yaro ban taɓa shiga kan mutane ba sallama ba, ko ɗakin matata ne. Na tsaya ina ta lissafi: in na yi, na saɓa umarni, in ban yi ba, na faɗa wa manya kamar ɓarawo. Can dai bakina ya riga ni. Na yi sallama a hankali.

Shugaban yana tsakiyar magana, ya tsaya ya amsa, ya ce, "Shigo, malam."

Ba irin wanda nake gani a talabijin ba ne. Ya cire takalmi da hula, ya jingina da matashi, yana hira da Hausa irin ta kasuwa. Ina zuba shayi ina jin abin da ban so ji ba. Ya ce ministocinsa kowa sabuwar mota yake so, alhali akwai asibitin da ake haihuwa da fitilar waya. Ya ce masu ba ƙasarsa bashi sun fi surukai yawan zuwa duba tukunya. Ya ce akwai wani shugaba maƙwabcinsa da suke rungumar juna gaban kyamara, amma in ya kira shi sai a ce yana wanka. Alhaji ya yi dariya har da tari. Da na sake dawowa, na tarar suna maganar zaɓe, yana cewa 'yan jam'iyyarsa sun fi 'yan adawa hana shi barci. Kowace shiga sai na yi sallama, kowace fita kuma sai mai baƙar kwat ya harare ni kamar zai cinye ni.

Kafin la'asar suka tafi. Na ce alhamdu lillahi, an rabu lafiya.

Ba a yi nisa ba sai ga hirar nan a wayoyin mutane. Daga kasuwa har tashar mota, kowa na sauraron shugaba yana zancen motoci da maƙwabcin da ke wanka. Wani ya naɗi muryar a ɓoye. Wata rana da hantsi jandarmomi suka zo har madafa suka tafi da ni. Mai baƙar kwat ya aiko musu da bayani cewa ni kaɗai ne baƙon ido da ya yi ta shiga da fita, kuma na bijire wa umarni, saboda haka a ƙarƙashin tirena aka manna na'urar naɗar muryar.

Abin da ya fi ɗaurin ciwo shi ne fuskar Alhaji. Bai zage ni ba. Ya dai kalle ni ya kawar da kai. Na san in wannan ya tabbata a kaina, gidan yari ne, iyalina za su kwashe kaya daga gidan da aka haife ni, kuma sunan mahaifina ya ɓaci. Don tsabar damuwa har na fara tuhumar kaina, ko dai wani ya manna abin ban duba ba?

Matata ce ta kawo mini abinci washegari, fuskarta ba hawaye.

"Malam, ka saurari abin nan kuwa?"

"In saurari me? Abin da ya kashe ni?"

"To ni na saurara a wayar maƙwabciya har kunnena ya yi zafi. Kana ciki. Amma can nesa kake, kamar mai sallama daga zaure."

Ban gane ba, sai jandarman da ke gadinmu ya matso. Dattijo ne mai furfura a gemu, Hausarsa da gargadar Fulatanci. Ya ce, "Hajiya, sake faɗa." Ta sake. Sai ya tafi ya ƙwanƙwasa ofishin kwamandansu. Na ji ana ɗaga masa murya da Faransanci, bai fito ba. Da ya fito, kirana ya zo yi.

Aka aika aka ɗauko Alhaji. Kwamanda ya ɗora waya a tebur ya kunna. Ga muryar shugaba tangaran, kamar yana zaune tare da mu, ya daɗe yana magana. Sai wata 'yar siririyar murya daga nesa ta yi sallama. Shugaba ya ce, "Shigo, malam." Sannan ƙarar kofuna ta taho tana matsowa, daga baya ta yi nisa, ƙofa ta rufe, hira ta ci gaba.

Dattijon jandarma ya ce, "Ranka ya daɗe, in abin yana jikin tirensa, ta yaya ya ji hira kafin tiren ya shigo? Kuma da ya fita, me ya sa bai bi shi madafa ba?"

Kwamanda ya mai da abin baya, ya sake saurara. Ya tambayi Alhaji ko na shiga falon kafin baƙi. Alhaji ya ce masu tsaron ne suka kulle da hannunsu. Kwamanda ya rufe fayil ya ce, "A nemi mai abin cikin waɗanda suka zauna."

Da na bi umarni na shiga shiru, da babu wata alama a cikin muryar nan da za ta nuna lokacin da na shigo.

Da aka sake ni, Alhaji bai bar ni na hau mashin ba. Gaban motarsa ya sa ni, ya sauke gilashi, muka ratsa unguwa a hankali don kowa ya gani. A ƙofar gida ya tara ma'aikata da maƙwabta, ya riƙe hannuna ya ce, "Na yi zargin ɗan gidana, ku shaida ina neman gafararsa." Mata suka yi guɗa daga ciki. Daga baya ya gaya mini an gano mutumin a cikin tawagar shugaban, ban tambayi ko wane ne ba. Har yau 'yan unguwa Mai Sallama suke kirana, matata kuwa in mun yi saɓani sai ta ce, "A tuna dai wa ya fito da wani."

Abin da na koya shi ne, kada ka yar da kyakkyawar ɗabi'ar da iyayenka suka ɗora ka a kai don wani mai kwat ya harare ka. Ba ka san ranar da za ta tsaya maka shaida ba.

Saura abu ɗaya da ke hana ni sukuni. A ruɗewar ranar ban yi wa dattijon jandarman nan godiya ba, da na koma kuma aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Na ji an ce mutumin garin Guider ne, yana da tabo a gira ta hagu, yanzu ya isa ya yi ritaya. Don Allah, duk wanda ya san inda yake, ko ya san iyalinsa, ya tambayi Mai Sallama a kasuwar Garwa. Ina so in je har ƙofarsa in yi masa tawa sallamar.