Matar da Ta Fita Neman Tsamiya

A gidanmu na Kontagora, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun Kaka Asabe. Tana gasa mana gyaɗa a toka, tana zuba tatsuniya da Hausarta mai gardin Kambarci, don a wajen Auna ta tashi. Duk tatsuniyoyinta suna da kai da gindi, ban da guda ɗaya. Ita wannan ba kura, ba zomo, ba waƙar da za mu amsa. Ni kuwa da taurin kai, ita nake roƙo kullum, wai ko yau zan gane.

"To, ga ta nan, ku buɗe kunne," in ji ta. Wai wata mata ce ta raka mijinta neman magani wani birni a bayan teku. Gidajen garin an ɗora su kan juna har sun tare rana, ba ka sanin gabas balle yamma. Mutane kamar tururuwa, amma ka gaida mutum ya wuce ka. Ba rumbu, ba gona, ga shi kowa na tauna abinci.

"Kaka, to ina suke samo hatsi?"

"Ni ma abin da na tambaya ke nan," ta ce, sai ta yi maza ta gyara, "wato matar ta tambaya."

Mijin ya ƙi abincinsu, ya ce kunun tsamiya kawai yake so. Matar tana da garin gero a ƙullinta, tsamiya ce ta ƙare, saura sili ɗaya. Da sassafe ta saci jiki ta fita, tana nuna wa mutane silin. Da yake 'yar daji ce, ta san dabarar masu tsintar kaɗanya: in ka shiga inda ba ka sani ba, kana tafiya kana ƙulla ciyawa don ka gane hanyar dawowa. Garin ba ciyawa, sai ta riƙa yago bakin mayafinta tana ɗaurawa a jikin ƙarafan bakin titi.

Ta samu tsamiyar. Amma da ta juyo, kowane titi ya haifi 'ya'ya, kowace ƙofa irin 'yar'uwarta, ƙullin ko ɗaya ba ta gani ba.

A nan Kaka take tsayawa, ta kama tona toka.

"Sai me ya faru?"

"Tana nan tana neman ƙofar."

"Har yanzu?"

"Ku tashi ku kwanta, kun ishe ni."

Ba ta taɓa rufe wannan da ƙurunƙus ba. Mu kwanta muna gardama: yayata ta ce darasin shi ne kada mace ta fita ba izini, ni na ce kada a sha kunun tsamiya. Haushi nake ji sosai, ina ganin tsufa ne ya sa ta manta ƙarshen.

Bayan rasuwarta, ana raba kayan akwatinta, aka zaro wani shuɗin mayafi da bakinsa ya yage kaca-kaca. Babana ya karɓe shi, ya shafa yagaggen bakin. Daga baya ya gaya mini birnin tatsuniyar nan Alƙahira ne, kafin a haife ni, lokacin da shi da Kaka suka kai mahaifinsa asibiti. Ya ce ya yini yana nemanta, sai can ya hango ƙyallen nan a jikin wani ƙarfe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da magariba ya same ta zaune a bakin titi, rungume da tsamiya. Tsohon kuwa ya cika tun la'asar, yana tambayar ko Asabe ta dawo.

Yau na kai shekarun da babana yake da su a lokacin, amma ban gama gane darasin ba. Wani lokaci in ce ƙullin ya yi aikinsa, tunda da shi aka same ta. Wani lokaci kuma in tuna cewa ba a same ta take so ba, ta koma take so. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda nake matsa mata kowane dare ta sake fita neman tsamiyar nan, ina yaro ban san komai ba. Ita kuwa ba ta taɓa ƙi ba.