Anti Mai Hoto da Tsohuwar Kwamfutarta

Anti Mai Hoto kowa ke ce mata, har jikokinta. Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin tela da mai sayar da katifa, da shuɗin labule a bango da kujerar da ake tokare wa ƙafa da kwali. Ta yi suna ne don mata sun yarda da ita. Ita ake kira har ƙuryar ɗaki ta ɗauki amarya kafin ta yi lulluɓi, ko mai jego tana shayarwa, ko ƙawaye suna rawa ba idon namiji. Duk hotunan nan suna cikin wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa.

Da idonta ya fara rauni, sai ta yanke shawarar rufe shago. 'Yarta ta ce a ba mai sayen tsofaffin ƙarafa kwamfutar.

"Ai na goge komai, Mama. Ki kwantar da hankalinki."

Hankalin bai kwanta ba. Anti ta sa aka kai kwamfutar wurin mai gyara, ta ce ya duba mata. Ya ɗan daddanna, sai ga wata amarya ta bayyana, kai ba ɗankwali, tana ƙyalƙyala dariya. Matar yanzu har ta yi surukai.

"Irin wannan gogewar suna kawai take cirewa, Hajiya," in ji mai gyara. "Hoton yana nan kwance, sai an rubuta wani abu a kansa."

"To za a rubuta. Amma fara dawo min da su tukuna."

Ta shiga kiran masu hotuna ɗaya bayan ɗaya. Shago ya cika da mata, kowa da wayarta, ana tsokanar juna da ramar da aka yi a da. Wata ta sami hoton mahaifiyarta da ta rasu, ta zauna ta yi kukanta, aka ba ta ruwa.

Da kowa ta karɓi nata, Anti ta koma wurin mai gyara. Ya ce aikin rubutawa a kan hotunan zai ɗauki lokaci, ta je gida ta huta. Ta ce ba inda za ta. Ta shimfiɗa gyalenta a benci, ta zauna har aka gama. Ya sake bincikawa a gabanta, ko inuwar hoto bai samu ba.

Duk da haka ta sa ya ciro faifan ajiyar kwamfutar, ta jefa a jaka, ta wuce wurin mai walda. Ya huda shi ta ko'ina, yana tambayar laifin da ƙarfen ya yi mata. Ta ɗaga faifan sama, ta hango rana ta cikin hudojin, ta yi dariya har da tafi.

Yanzu in ta je biki zama take yi a ɗauke ta hoto, tana yi wa masu waya faɗa cewa sun sa ta ba haske baya.