Hauni Ngai da Kazar Goggo Lok

A benenmu na unguwar Kowloon babu wanda bai san Kawu Ngai ba. Shi ne hauni, mai rataye mutane a kurkukun gwamnati, kuma da wannan suna ya ci karensa babu babbaka shekara da shekaru. A gidan shayi tebur guda nasa ne shi kaɗai. Ba a gayyatarsa biki, ranar sabuwar shekara kuwa duk wanda ya hango shi sai ya sake hanya, kada ya kwashi rashin sa'a. Shi ko a jikinsa, don ba mata ba ɗa, kwarjinin nan ne kaɗai abin da ya mallaka. In kana masa magana sai ya zuba wa wuyanka ido yana gyaɗa kai, kamar tela mai awon riga.

Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, sai bayan ratayar ƙarshe, ta 1966, aka ɗauke shi aiki. Alƙalai sun ci gaba da yanke hukuncin kisa, gwamna kuma yana mai da shi ɗaurin rai-da-rai. Aikin Kawu bai wuce goge igiya da rataye buhun yashi don gwaji ba. Buhu kam ya ji jiki.

Da majalisa ta soke hukuncin kisa a 1993, jarida ta fasa ƙwai. Mu da kullum bakinmu a rataye wane, a rataye wane, haushin Kawu ya fi cin ranmu a kan na majalisa, don ashe tsoron banza muka sha. Ya rantse jarida ƙarya take yi, wai akwai aikin da ba a rubutawa.

Ana gobe sabuwar shekara sai Goggo Lok, mai sayar da kayan miya, ta tare shi a tsakar gida da kaza da wuƙa, mu duka muna tsaye.

"Kawu, taimaka mini, hannuna ke ciwo. Kai da ka saba da manyan wuyoyi, wannan ai wasan yara ne."

Ya karɓa. Ya zuba wa wuyan kazar ido yadda ya saba, ita ma ta karkata kai tana kallonsa. Gaskiya ya ba ni tausayi, amma ban matsa daga wurin ba. Can ya miƙa wa Goggo wuƙarta, ya gyara murya.

"An sake duba shari'arta. Ɗaurin rai-da-rai."

Ya rungumi kazar ya hau bene, dariyarmu na bin bayansa. A barandarsa ta zauna har tsufa ya kashe ta.

Da aka buɗe gidan shayi bayan bikin sabuwar shekarar, ya tarar da mutum uku a teburinsa suna karta. Babu wanda ya ko ɗago kai.