Daga Gwandu Zuwa Kalgo da Kwamfuta a Cinya

Gwandu, biyar da rabi na asuba

Ranar Laraba ina sallame sallah na naɗe kwamfutata cikin tsohon zane na fito. Inna ta biyo ni zaure tana tambayar ko ba zan sha kunu ba, na ce mata ba ni da lokaci.

Ga abin da ya tayar da ni. Sana'ata ɗaukar bidiyon bikin mata, wurin da ba a barin namiji ya shiga da kyamara. Da hannuna na harhaɗa kwamfutar tebur, ina bin bidiyon koyarwa a waya. Ta tashi lafiya lau, amma da na ɗora mata bidiyon kamun ɗiyar Hajiya Kulu sai hoto ya riƙa ɗingishi, ya tafi ya tsaya. Shi ne babban aikina na farko. Hajiya Kulu ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye: in ban kawo ba kafin dangin ango su koma ranar Juma'a, Birnin Kebbi za ta kai aikin, kuma matan unguwa duk za su ji.

Ni dai na yanke hukunci ram ne ya yi kaɗan, wato 'yan siraran allunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Biyu gare ni, giga takwas-takwas. Na ce bari in sayo ƙato guda in huta.

A tasha direba ya so ya cusa kwamfutar cikin but ɗin mota ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce ko da wasa. Na rungume abata a cinya, muka tashi shida da kwata. A shingen hanya wani jami'i ya sa na kwance zanen, ya leƙa, ya tambaye ni ko injin awon jini ne. Na ce kwamfuta ce. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Birnin Kebbi, bakwai da rabi

Ƙafafuna sun mutu murus saboda nauyin kwamfutar. Na tsaya na ci masa da miya a bakin tasha, mai masar tana ta yi min nasiha cewa budurwa ba ta cin abinci a tsaye. Na ƙarasa a tsayen, na shiga motar Kalgo.

Kalgo, takwas da ashirin

Shagon da aka kwatanta min yana kusa da jami'a, na Oga Bitrus ne, mutumin Zuru mai gyara wa ɗalibai kwamfuta. Sai tara ya buɗe. Minti arba'in ina zaune kan benci ina cika ina batsewa.

Ko gaisuwa ban gama ba na ce ya ba ni ram mai giga talatin da biyu, guda ɗaya. Ya ce in bari ya gani tukun. Ya kwance murfi, ya duba, ya tambayi wa ya haɗa. Na ce ni ce, akwai magana?

"Aiki ya yi tsaf, ƙanwata. Amma me ya sa kika jera su kusa da juna?"

"To gurbi huɗu ne, na fara daga farko. Haka ake jera kwanuka a gidanmu."

Ya yi dariya har da riƙe tebur. Sannan ya nuna min: gurbi na ɗaya da na biyu hanyarsu guda ce zuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta, na uku da na huɗu kuma tasu daban. Ni na ɗora tanki biyu a kan famfo ɗaya, ɗaya famfon yana zaune a bushe. Da na sayi ƙaton nan guda, in ji shi, tankin ne zai ƙaru, famfon dai ɗaya. Kuma tunda ban sa katin hoto daban ba, da ram ɗin nan kwamfutar ke zana hoto, shi ya sa ɗingishin ya yi yawa.

Ya zare guda, ya mayar da su gurbi na biyu da na huɗu, kamar yadda littafin babban allon kwamfutar ya nuna. Littafin da ban taɓa buɗewa ba.

"Oga, wai tun asuba nake hanya don a matsar da abu yatsa biyu?"

"Wasu daga Jega suke zuwa."

Sai kuma ya gano wata. Ram ɗin biyu iri ɗaya ne, DDR4, amma ɗaya gudunsa 3200, ɗaya 2400, na sayo su wuri daban-daban. In an haɗa, mai sauri ne ke jiran mai nawa. Ya karɓi mai nawan ya musanya min da ɗan'uwan mai saurin, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, na yi ɗan ciko. Muka kunna. Bidiyon ya tafi sumul, ga amarya ana fesa mata turare, ko tsayawa babu. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Ya ja min kunne cewa in na isa in danna kowanne da yatsa, don gargadar hanya kan sassauta su.

Komawa

Sha ɗaya da rabi na bar Kalgo. A Birnin Kebbi muka yi awa guda muna jiran fasinja biyu, na kusa yin faɗa da ɗan kamasho. Uku saura kwata na shiga gida. Na danna ram ɗin kamar yadda Oga Bitrus ya ce, na zauna aiki, ban ɗaga ba sai don sallah.

Alhamis da hantsi na kai wa Hajiya Kulu. Ta kalla daga farko har ƙarshe, ba ta ce ya yi kyau ba. Ta dai juya wajen ƙanwarta ta ce, "Bikin ɗiyarki Saratu bayan Sallah, wagga yarinya za ta ɗauka."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Oga Bitrus, wanda da ya so da ya sayar min da ƙaton ya yi shiru.