Idon Mai Alayyahu

Malam Ɗangwani, mai ɗinkin hula a Fagge, idonsa ya fara hazo. Jiya ma sai da maƙwabci ya zura masa zare a allura, kuma ya san in ido ya tafi, sana'a ta bi shi.

Yau a bakin kasuwar Sabon Gari ya tsaya cak. Wata tsohuwa ce zaune gaban tulin alayyahu da zogale, kai fari fat, ɗan gicciye a wuya, baya miƙe kamar tabarya. Ta girme shi nesa ba kusa ba. A ransa ya ce daga kudancin Zariya take, kuma da fartanya ta girma. Tana ɗinkin ɗankwali, ta ɗaga allura, zare ya shige tashi ɗaya. Ikon Allah!

"Inna, wane magani kike sha?"

"Ga shi a gabanka. Ban taɓa wuni ban ci ganye ba."

"Mu kam, kwaɗon ganye abincin mata ne."

Ta dubi hulunan da ke hannunsa. "To, bar musu allurar ma."

Can ya tsuguna a hankali, ya ce, "Yaya ake dafa shi?"