Sunan da Hamsatu Ta Aro

Ku gyara zama, yau labarin maƙwabciyata Hamsatu ya tsaya mani a rai, Allah ya jiƙanta.

Mutuniyar Azagor ce. Shekarar da fari ya kashe masu dabbobi suka shigo Dakoro, ita da mijinta Agali, da akuya biyu da suka tsira. Cuku take yi. Ta dama madara, ta shanya bisa tabarmar kara, ta kai kasuwa. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi dariya har bayan danga ana ji.

Ɗiyarta ta fari, Shafa'atu, ranar ruwan shuka aka haife ta. To kun san yadda muke: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Wasu sukan sassauta, su laƙa wa yaro wani suna. Hamsatu kam ta riƙe abin da ƙarfi. "Ke." "Waccan." "Ku ce wa yarinyar nan ta zo ta ci tuwo." Shekara ashirin da bakwai, ko sau ɗaya sunan bai fito daga bakinta ba. Amma abin yana cin ta. Ta taɓa ce mani, "Yaya, kowa na kiranta tana waiwayowa, ni kaɗai ce ba ni da abin kira."

Yarinya ta yi lakwal, wato boko, ta ci jarrabawar bak, ta tafi iniversite Yamai. Daga nan aka ba ta burs, wato kuɗin karatu, zuwa ƙasar Shinuwa, can gabas mai nisa, wai karatun masta, na harshensu da tarihinsu da al'adunsu. Muka ce, harshe kuma har sai an je an zauna shekaru? Ashe abin da take bincike a can ma kunyar suna ce. Ta ce su Shinuwa na dā, ɗa ba ya faɗin sunan ubansa, talaka ba ya rubuta na sarki. Da Hamsatu ta ji haka sai ta ce, "Ashe mutanen kirki ne."

Rahma, ƙanwar Shafa'atu, ita ke da telefon. Wata ranar hantsi saƙon murya ya shigo, muna zaune gindin aduwa. Shafa'atu ta ce malamarta ta raɗa mata suna irin nasu, don ta ji ranar ruwa aka haife ta. Shawyu. Wai yayyafi ke nan.

Hamsatu ta ajiye faifai. "Rahma, wannan sunan, liman ne ya raɗa shi?"

"A'a, Inna."

"An yanka rago?"

"Wane rago kuma a ƙasar Shinuwa?"

"To ashe ba suna ba ne. Aro ne. Danna mani abin ɗaukar murya."

Rahma ta danna, Hamsatu ta kai baki kusa, ta ce, "Shawyu, kina lafiya?" Sai ta rufe fuska da gyale kamar amarya.

Amsa ta dawo, yarinya na dariya har tana shaƙewa. "Inna, kin kira ni ƙaramin kifi! In kin ɗaga murya sama kifi ne. Sai kin saukar da ita ƙasa, ki ɗago a hankali, kamar guga a rijiya, sannan ya zama ruwa."

"Kifi a Dakoro? A wane gulbi?" in ji Hamsatu. "Ki ce wa Shinuwa su gyara harshensu."

Amma ta dage. Tana matsar akuya tana gwadawa, tana daka tana gwadawa. Kullum kifi. Agali ya riƙa tsokanarta, "Uwar kifi, ina furata?" Ita ko ta yi rantsuwa sai ta kira ɗiyarta daidai, yarinya ta amsa, kafin ta gama karatu ta dawo.

Cikin bazarar shekara ta biyu ciwon ƙirji ya kama ta. Aka kai ta likita, aka dawo da ita. Shafa'atu saura wata ɗaya ta tsaya gaban malamai ta kare littafin da ta rubuta, Hamsatu ta hana a faɗa mata yadda jikin ya yi. Ranar wata Talata bayan la'asar, ina riƙe da kanta, ta ce Rahma ta danna abin.

"Shawyu," ta ce. Ta girgiza kai, ta san kifi ne. Ta sake, kifi. Ta ja numfashi da ƙyar, sai ta buɗe ido sosai, ta ce, "Sha..."

Rahma kuka ya ci ƙarfinta, yatsanta ya zame daga telefon, saƙo ya tafi haka. Hamsatu ba ta ƙara magana ba. Kafin magariba ta cika.

Shafa'atu ta iso da takardar diplom ɗinta bayan sadakar arba'in. Ta zauna nan inda kuke zaune, ta sa saƙon a kunne, ta maimaita ya fi a ƙirga. Yarinyar da ta iya raba kifi da ruwa a bakin Shinuwa, ta kasa raba wannan.

"Iya, ke kina wurin," ta ce mani. "Na aro za ta faɗa, ko nawa?"

Na ce mata, "Ɗiyata, na ga idonta, ban ga cikin bakinta ba."

Sannan ta kai telefon kusa da baki, ba ta danna komi ba, ta ce, "Na'am, Inna."

Yanzu tana Yamai, tana koya wa mutane harshen Shinuwa. Ni kuwa duk shekara in yayyafin farko ya fara taɓa kwanon ɗakin Hamsatu, sha, sha, sha, sai in bar abin da nake yi in tsaya bakin danga. Har yau jira nake ta ƙarasa.